Jaririn ƙanena sai an yi masa aiki a zuciya, gida kuma ya rabu biyu

Assalamu alaikum Anti. Matar ƙanena ta haihu makonni uku da suka wuce, ɗan fari, namiji. Tun kafin suna muka lura idan ya yi kuka leɓɓansa suna yin duhu. Aka kai shi asibiti aka yi hoton zuciya, likita ya ce an haife shi da wata matsala mai suna Tetralogy of Fallot, kuma sai an yi masa aiki idan ya kai kamar wata shida, ko kafin nan idan abin ya matsa. Tun ranar gidanmu babu kwanciyar hankali. Hajiyarmu ta ce ba za a tsaga mata ƙirjin jika ba, iska ce, a kira wanzami a nemo dauri. Wasu 'yan'uwa kuma suna ta cewa mu a danginmu ba a taɓa haihuwar irin wannan ba. Mai jegon tana gidansu tana wanka, an ce kullum cikin kuka take, amma in na gaishe ta "da sauƙi" kawai take cewa. Ƙanena ya yi shiru, ya rame. Ni ce babba a ɗakinmu. Ina so in taimaka, amma duk abin da na buɗe baki zan faɗa sai in ga kamar zan ƙara musu ciwo. Yaya zan yi?

Gwaggon jariri, daga Kano

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah ya raya yaron nan, ya ba shi lafiya, ya sa a yi aikin a sa'a.

Cikin duk abin da kika rubuta, maganar da ta fi tsaya mini a rai ita ce "mu a danginmu ba a taɓa haihuwar irin wannan ba." Mai faɗinta yana ganin kamar mamaki yake yi. Mai jego kuwa abu ɗaya take ji a ciki: ke kika kawo mana. Kada ki yi shakka, maganar ta riga ta isa kunnenta, domin irin wannan ba ta kwana a gida ɗaya. Ita ba ta da bakin da za ta mayar wa dangin miji martani. Iyayenta in suka yi magana za a ce sun goyi bayan 'yarsu. Ƙanenki in ya yi, za a ce an shanye shi. Ke ce yayar miji, ke ce babba, kuma jinin da ake taƙama da shi naki ne. In kika ce a daina, za a daina. Wannan shi ne babban abin da ke hannunki, kuma babu likitan da zai iya yi wa gidanku shi.

Ga abin da za ki riƙe in za ki tare maganar. Kusan jariri 1 cikin kowane 100 ana haihuwarsa da wata matsala a halittar zuciya, a ko'ina a duniya, gidan mai kuɗi da gidan talaka. Cikin larurorin da ake haihuwar yara da su babu wadda ta fi ta yawa. Zuciyar ɗan tayi tana gama haɗuwa ne a cikin makonni 8 na farkon ciki, lokacin da mace da yawa ba ta ma tabbatar tana da juna biyu ba. Akwai abubuwan da aka san suna ƙara haɗarin, kamar ciwon sukari da ba a kula da shi ba ko cutar rubela, mai kama da ƙyanda, a farkon ciki, amma a mafi yawan yara ba a gano wani dalili ko ɗaya. Ba abin da ta ci ba ne, ba fitar dare ba ce, ba tsallake wani abu ta yi ba. Danginku kuma da ake cewa ba a taɓa yi ba, ki tambayi tsofaffin gida jarirai nawa aka binne a da aka ce "ba mai zama ba ne." Babu wanda ya yi musu hoton zuciya.

Ki je ki faɗa wa matar ƙanenki wannan da bakinki, ku biyu a ɗaki. Ki ce mata: ba laifinki ba ne, kuma duk wanda ya ce haka ni zai tarar. Wataƙila ta sunkuyar da kai ba ta ce komai ba. Ba komai, ta ji.

Sai batun "da sauƙi." Ke ma kin san haka aka koya mana. Ko mutum yana gargara, in aka ce yaya jiki, da sauƙi zai ce. Saboda haka ki daina yi mata tambayar da amsarta ke nan. Ki tambaye ta awa nawa ta yi barci jiya, ko ta ci abinci tun safe, sau nawa ya sha nono da dare. Irin waɗannan suna da amsa ta gaskiya, kuma daga su zance ke buɗewa. In ta fara kuka kada ki yi saurin cewa ta yi haƙuri. Haƙurin take yi. Kada kuma ki bari wani ya ce mata "ai da sauran ƙuruciyarki, za ki haifi wasu." Yaron yana raye a cinyarta, ana shirin yi masa magani, ba ta'aziyya aka zo ba.

Akwai wani abu da ban ga kin ambata ba, amma na san yana nan tunda ɗan fari ne, wato kara. Ana so uwa ta kau da kai daga ɗanta na fari, kada ta kira sunansa, kada ta nuna ta damu da shi a gaban manya, ta bar wa kakanni. Al'ada ce mai kyau a wurinta, amma yaron nan yana buƙatar uwar da idonta ke kansa dare da rana, wadda za ta ɗauke shi da zarar ya motsa, ta tsaya gaban likita ta yi tambaya ba tare da tana satar kallon surukarta ba. Ita ba za ta iya sauke wa kanta wannan nauyi ba. Ke za ki sauke mata, a gaban Hajiya da kowa: likita ya ce uwarsa ce za ta riƙa lura da shi, a bar batun kunya sai ya warke.

Yanzu bari in yi miki bayanin ciwon yadda za ki iya maimaita wa Hajiya. Sunan ya samo asali ne daga wani likita Bafaranshe, Fallot, wanda ya yi bayaninsa a 1888. Abubuwa huɗu ne suka haɗu. Akwai huji a bangon da ya raba ɗakuna biyu na ƙasan zuciya. Hanyar da jini ke bi ya tafi huhu ta ƙuntace. Babbar jijiyar da ke kai jini ga jiki ta zauna a kan hujin nan. Tsokar ɓangaren dama kuma ta yi kauri saboda wahalar tura jini ta ƙuntatacciyar hanya. Abin da ke faruwa shi ne wani kaso na jinin yana zagayawa jiki ba tare da ya je huhu ya ɗebo iska ba. Duhun da kuke gani a leɓɓansa ke nan. A fatarmu an fi ganinsa a leɓe, harshe, dadashi da ƙasan farce. A aikin, za a toshe hujin, a faɗaɗa hanyar huhu. Wani lokaci idan yaro ya yi ƙanƙanta kuma yana shan wahala, sai a fara yi masa ƙaramin aiki na ƙara wa jini hanya zuwa huhu, babban ya biyo baya.

Hajiya ba maƙiyiyar jikanta ba ce, tsoro take ji. A saninta wanda aka buɗe wa ƙirji ba ya tashi. Kada ki tunkare ta da gardama, kada kuma ki ce mata jahilci ne. Ki nemi ƙanenki ya tafi da ita ganin likita na gaba, ta ga zuciyar jikanta tana bugawa a allon na'ura, a nuna mata hujin da yatsa, ta yi tambayarta da Hausa. Tsofaffi da yawa a nan suke saukowa. Ki gaya mata aikin nan ba gwaji ba ne. Tun 1944 aka fara yi wa irin waɗannan jarirai tiyata a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, kuma wanda ya ƙware hanyar ɗinkin, ya tsaya a bayan likitan yana nuna masa, baƙar fata ne mai suna Vivien Thomas. A Najeriya an yi aikin buɗe zuciya na farko a asibitin koyarwa na Inugu a 1974. A yau, a cibiyoyin da suka ƙware, fiye da yara 95 cikin 100 masu irin ciwon ɗanku suna tashi daga aikin, su yi makaranta, su yi aure. Waɗanda aka bari ba a yi musu ba, mafi yawansu ba sa kaiwa girma. Wannan ɓangare ma sai an faɗa mata, cikin ladabi, domin ta san zama haka ba shi ne hanyar tsira ba. Idan ta kawo batun tawakkali, ki tuna mata Manzon Allah (SAW) ya umarce mu da neman magani, ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. In akwai malamin da take jin maganarsa, ki riga kowa zuwa wurinsa ki yi masa bayani.

Ki bar mata aikinta. Addu'a, sadaka, saukar Alƙur'ani, tofi a shafa masa, duk nata ne, kuma ana buƙatarsu. Inda za ki ja layi shi ne abin da zai shiga bakinsa da abin da zai taɓa jikinsa da aska. Babu dauri, babu jiƙo, babu rubutun sha, nonon uwa kawai da maganin da likita ya rubuta. Wanzami kuma kada ya kusance shi: ba cire belu, ba tsaga, ba sakiya. Yaro mai irin wannan zuciya, ƙwayar cuta in ta shiga jininsa ta wurin yanka tana iya zuwa ta zauna a cikin zuciyar, ga zubar jini, ga kukan azaba da zai iya jefa shi cikin abin da zan faɗa miki yanzu. Kaciya ma a jira sai likitan zuciyarsa ya ba da lokaci. A nan ko Hajiya za ta yi fushi da ke na mako guda, ki ɗauka.

Wannan sashe ki karanta shi sau biyu, ki koya wa duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da yaron. Masu wannan ciwo sukan sami wani tashi na farat ɗaya, an fi ganinsa daga wata biyu zuwa huɗu, sau da yawa da safe bayan farkawa, ko bayan dogon kuka, shan nono ko yunƙurin kashi. Yaro zai yi duhu sosai fiye da yadda aka saba, numfashinsa ya yi sauri da zurfi, kukan ya ƙi tsayawa, wani lokaci jikinsa ya saki. A nan ne mutane ke cewa iska ta taɓa shi, a ruga neman hayaƙi. Abin yi shi ne a ɗauke shi, a lanƙwashe gwiwoyinsa a manna su da ƙirjinsa, a rungume shi a haka a kafaɗa ana lallashi, ɗaki ya yi shiru. Wannan naɗewar tana tilasta wa jini ya ƙara bi ta huhu. In bai dawo daidai ba cikin 'yan mintuna, ko ya suma, ko ya yi jijjiga, a tafi asibiti nan take, yana naɗe a haka har a cikin mota. Ko ya dawo daidai, a sanar da likita a ranar, domin faruwar hakan tana iya sa a ba shi magani ko a matso da ranar aiki. Ki sa ma'aikaciyar jinya ta nuna muku naɗewar da hannunta. Ki kuma zauna da ƙanenki ku tsayar da magana tun yanzu: in abin ya faru ƙarfe biyun dare, motar wa za a ɗauka, wane asibiti za a nufa, lambar wa za a kira. A rubuta a manna a bango.

Zazzaɓi, gudawa da amai sun fi haɗari a gare shi fiye da sauran jarirai, saboda ƙarancin ruwa a jiki yana tayar da wannan matsala. Kada a ce a bari a gani zuwa gobe. Ya kwana cikin gidan sauro, a ci gaba da rigakafinsa a kan lokaci. Turaren wuta da hayaƙin murhun ruwan wanka su yi nesa da shi. 'Yan barka kuwa, ki zama ke ce mai tsaron ƙofa. Mai mura ko tari ya yi gaisuwa daga tsakar gida, wanda zai ɗauke shi ya wanke hannu, kuma ba dole ne kowa ya ɗauka ba. Mai jego ba za ta iya hana ƙanwar surukarta karɓar jariri ba. Ke za ki iya, da dariya a fuskarki.

Yana iya gajiya a kan nono, ya sha kaɗan ya saki yana haki ko gumi. Sai a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan a kai a kai, wanda ke nufin uwarsa ba ta samun barci. To a nan taimako yake. Kada ki ce mata "in kina buƙatar wani abu ki faɗa," ba za ta faɗa ba. Ki zo da abinci a kula, ki kwashe wanki, ki riƙe shi bayan ya sha ta rufe ido na awa biyu. Ranar asibiti ki bi su da littafi da biro, domin wanda hankalinsa ya tashi rabin maganar likita yake ji. Ki rubuta nauyin yaron, adadin iskar jininsa da aka auna, sunan magani, ranar komawa. Ku tafi da tambayoyinku a rubuce: yaushe ne aikin, a ina, sau nawa suke yin irinsa a wurin, wace alama ce za ta sa mu dawo kafin ranar. Idan kuma kika ga kukan nata ya wuce makonni ba ya raguwa, ba ta ci, ba ta barci ko da an karɓi yaron, ko tana maganar gara ta mutu, ki gaya wa likita. Akwai ciwon damuwa da ke kama masu jego, ya fi kama waɗanda jariransu ba su da lafiya, kuma yana da magani.

Shirun ƙanenki, ina kyautata zaton lissafi ne. Aikin zuciya kuɗinsa miliyoyin naira ne, a gida ko a Indiya inda ake yawan kai yaranmu, shi kuma an koya masa namiji ba ya cewa ba zan iya ba. Kada ki tambaye shi yadda yake ji a gaban mutane. Ki same shi shi kaɗai ki ce: zo mu yi lissafi. Ku karɓi rahoton likita da na hoton zuciya da ƙiyasin kuɗi a takardar asibiti, ku yi kwafi da yawa, domin duk ƙofar da za ku ƙwanƙwasa su za a fara tambaya. Ku yi wa yaron takardar haihuwa yanzu, in da yiwuwar fita waje ku fara neman fasfo da wuri. Likitan zuciyar yara shi ya fi kowa sanin asibitocin da ke yin aikin da lokutan da tawagogin likitoci ke zuwa yin sa da rangwame, ku tambaye shi kai tsaye ya sa sunanku. Akwai gidauniyar Kanu Heart Foundation da ɗan ƙwallo Nwankwo Kanu ya kafa a 2000 don irin waɗannan yara. Shi kansa an yi masa aikin zuciya a Amurka a 1996, kodayake ciwonsa daban ne, ya dawo ya buga wa Arsenal, ya sake zama gwarzon Afirka a 1999. Ƙanenki ya san labarin, amma ki tuna masa. Ku nemi hukumar zakka ta jiha da masu hali na dangi. Kuɗi su tafi asusu ɗaya, a rubuta duk abin da ya shiga, a biya asibiti kai tsaye, a guji dillalan da ke cewa a ba su a hannu su shirya komai. Hoton yaron kuma kada ya hau Facebook ko WhatsApp da sunan neman taimako sai uwa da uba sun amince. Za a buƙaci jini ranar aiki, ki fara jera samarin gidanku tun yanzu.

Idan ranar ta zo, ki shirya su kan abin da za su gani. Aikin yana ɗaukar awanni, ana ɗora shi a kan na'urar da ke riƙe aikin zuciya da huhu har a gama. Bayan nan za su tarar da shi a ɗakin kulawa ta musamman, da robar numfashi a baki, da wasu robobi a ƙirji, jikinsa ya ɗan kumbura. Haka kowane yaro yake fitowa, ana cire su ɗaya bayan ɗaya. Uwar ta riƙa tatsar nono a kan lokaci don kada ya ƙafe. In komai ya tafi daidai, mako ɗaya zuwa biyu ake sallama. A gida, kamar makonni shida ba a ɗaga shi ta hammata, sai a tallafo kai da mazaunai, goyo kuma sai likita ya ce. Zai ci gaba da ganin likitan zuciya har girmansa, wasu ma sukan buƙaci wani gyara daga baya. Ki sa wannan a ranki, domin jama'a suna cika gida a makon aiki, wata biyu bayan nan kowa ya koma harkarsa, alhali a lokacin ne gajiya take sauko wa iyaye.

Kin ce kina tsoron buɗe baki. Ba sai kin iya magana ba. Gobe da safe ki dafa abin da kika san tana so, ki tafi gidan nasu, ki karɓi yaron ki kira shi da sunansa, ki yaba gashinsa ko hancinsa kamar yadda ake yi wa kowane jariri. Makonni uku ke nan duk wanda ya shigo leɓɓansa yake kallo. Kafin ki fito ki tambayi ranar komawa asibiti, ki ce mata da ke za a je, da Hajiya.

Ki sake rubuto mini bayan kun ga likitan, ina so in ji yadda aka yi.